Wasiƙa daga Kumasi kan yaran da magana ta yi wa jinkiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Gaisuwa daga Aboabo.

Maganar yaran nan ce ta sa na rubuto, waɗanda magana da fahimta suka yi wa jinkiri. Can da nan duk ɗaya ne: a ce 'yan ruwa ne, idan sun fara cizo ko buga kai a bango a ɗauko bulala, wani har a ɗaure shi. Abin yana ci mini rai, domin yawancinsu roƙo suke yi, bakin faɗa ne babu.

Maƙwabciyata mai koko da ƙosai tana da irin wannan yaro. Da ta ɗora kasko da asuba sai ya zube yana buga goshi a siminti, ita kuwa ta bar suya ta rungume shi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce ta riƙa lura da abu uku: me ya faru kafin, me ya yi, me ya samu bayan nan. Sai ga amsa a fili. Uwarsa yake so, kuma ya gane buga kai ne ke kawo ta da sauri. Wani yaron abinci yake nema, wani gudun wanka yake yi.

Tun 1985 masana biyu a Amurka, Edward Carr da Mark Durand, suka nuna cewa idan aka koya wa yaro hanyar roƙo mai sauƙi, rigimar takan ragu. Shi yaron maƙwabciyata an koya masa taɓa hannun uwarsa. Da ya taɓa, nan take ta juyo ta kula shi, ko da ƙosai na cikin mai. Idan ya buga kai, sai a tare goshin da matashi, ba faɗa, ba lallashi.

Kwanakin farko abin yana iya ƙaruwa kafin ya lafa, a nan ne iyaye da yawa suke karaya. Kaka kuma, saboda tausayi, takan ce a yi masa abin da yake so, aiki ya koma baya. Sai duk gida sun haɗa baki.

Amma don Allah a fara da asibiti, a duba kunne da haƙori da farfaɗiya, domin ciwo ma yana sa yaro haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyayen irin waɗannan yara 'yan shekara 2 zuwa 9. Ku tambayi likitocin yara ko ana yin sa a kusa da ku.

Wassalam.