Alhamis, ni da yara da kyarkeci Fenrir

Yau ba islamiyya, to da yara suka dawo boko sai babbar ta zaro littattafai biyu daga jaka wai aro aka ba su a laburare, ɗaya labaran Girkawan da ne ɗayan kuma na mutanen can arewacin Turai su Norway da Iceland, duk cike da hotuna masu kala. Na Girka muka fara, Icarus wanda ubansa Daedalus ya haɗa musu fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma don su tsere daga tsibirin Crete, ya ce masa kar ka yi sama da yawa, yaro ya ƙi ji, rana ta narkar da kakin ya faɗa teku. Auta ko a jikinsa, cewa ya yi ai shi ya ja wa kansa.

Labarin Fenrir na littafin arewacin Turai ne ya tsayar da gidan wallahi. Kyarkeci ne ɗan Loki, ɗaya daga cikin allolin mutanen can, ya yi ta girma har su Odin babban allolin suka tsorata, sau biyu suna ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa, sai aka saƙa wata igiya mai laushi kamar siliki da ƙarar takun kyanwa da gemun mace da numfashin kifi da yawun tsuntsu, nan fa yara suka fashe da dariya. Shi kuwa ya ce ba zai yarda a ɗaura masa ba sai wani ya sa hannu a bakinsa, Tyr, ɗaya daga cikin allolin, da ke ba shi abinci ya sa, igiya ta riƙe, ya gutsire hannun. Babbar ta yi shiru can ta ce Umma ai yaudararsa suka yi. Na ji daɗi da littafin bai ɓoye wannan ba, don wasu na yara gogewa suke yi har labari ya zama salam.

Abbansu ya shigo ya ji ana ta alloli alloli ya ce Hajiya anya kuwa? Kuma damuwarsa a kan hanya take. Na ce masa Snorri Sturluson da ya tattara yawancin labaran su Odin a Iceland wajen 1220 shi kansa Kirista ne, ƙasar ta bar bautar su Odin tun kusan shekara ta 1000, a matsayin labaran kakanni ya rubuta su, kuma ni ma haka nake faɗa wa yaran tun shafin farko. Ya ce to, amma in dinga karanta musu da kaina, kar a bar su su kaɗai. Gobe Odysseus da ƙaton nan mai ido ɗaya, Litinin za a mayar.