Darasin da Tabla Ta Koya Mini a Gidan Rediyo

Ina sabon shiga aikin rediyo aka damƙa mini shirin kaɗe-kaɗen duniya na daren Lahadi. Wani mako na zaɓi Collin Walcott, Ba'amurken da ke kaɗa sitar (molon Indiya) da tabla (gangar Indiya) a ƙungiyar makaɗa ta Oregon. Na tattaro yabon da masu sharhi suka yi ta zuba masa, na rubuta cewa gwani ne da ya haɗa jaz da kiɗan gargajiyar Turai da na Indiya. Na kai wa shugabar sashenmu takardar.

Ta karanta, ta ajiye. "Ƙanena, kayan miya ka lissafa mini. Ina miyar? Ka saurari faifan kuwa?"

"Na ɗan taɓa, Hajiya." Ko minti uku ban yi a kansa ba.

Daren nan na rufe ƙofar situdiyo, na sa abin ji a kunne. Tabla ba baƙuwa ba ce gare mu, mun tashi da ita a finafinan Indiya, don haka na zaci za ta cika wuri. Ina! Can ƙasa-ƙasa take tafiya, tana bar wa gitar Ralph Towner hanya, shi da ya koyo kiɗan gita irin na Turai a Biyana, babban birnin Ostiriya. Sai Paul McCandless ya shigo da obo, wadda ke da harshe biyu kamar algaitarmu amma muryarta siririya, Glen Moore kuma yana riƙe da gindin kiɗan. Wani lokaci Walcott kan ɗauke hannu gaba ɗaya, kuma a wannan shirun na ji gashin jikina ya tashi. Mutumin da ya zauna gaban Ravi Shankar da Alla Rakha, manyan makaɗan Indiya, ya ɗauki darasi, ga shi ya san inda zai yi shiru. Wannan ne ya kamata in yaba tun farko, kuma babu shi a takardata.

Tun 1970 su huɗun suke tare, har hatsarin mota ya ɗauke Walcott a Jamus ta Gabas a 1984, yana da shekara 39. Har yau abin na taɓa ni.

Na yaga takardar. Ranar Lahadi na gaya wa masu sauraro su kasa kunne daidai inda gangar za ta tsaya, sannan na sa faifan, na kashe makirufo na bar su da shi.