Safiyar da na samu hoton hawainiya a bakin kogin Kaduna

Duk wanda ya ji cewa ina ɗaukar hoton namun daji, tambayarsa ta farko ita ce ko na taɓa zuwa gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999. Amsata ita ce matsalar tsaro ta daɗe da toshe mini wannan hanya, kuma ko da a buɗe take, hankalina ya fi karkata ga ƙananan halittun da muke wucewa kullum ba tare da mun lura da su ba, irin su bushiya, kurege, mazari da hawainiya, waɗanda fadamun bakin kogin Kaduna suke cike da su.

A cikinsu babu wadda ta ba ni wahala kamar hawainiya. Mutane sun ɗauka cewa tun da tafiyarta ta sanɗa ce, ɗaukar hotonta ba zai yi wuya ba, alhali idanunta biyu kowanne juyawarsa daban, don haka tana ganinka tun kafin ka gan ta. Da zarar ta lura da kai sai ta matse jikinta ta zagaya bayan reshe, in ka koma dama ta koma hagu, ba ta bar maka komai sai 'yan yatsunta da suka riƙe itacen. Ga kuma matsalar kyamara: idan ka matso da gilashin ɗaukar abu na kurkusa, abin da ke fitowa tas a hoton bai wuce kaurin 'yan milimitoci ba, ta yadda numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da idon dabbar daga inda ka saita. Lokacin hunturu kuma ƙura ce take shiga ko'ina, shi ya sa ba na canza gilashi a fili.

Wata safiya a farkon damina, wani dattijo mai lambu da nake neman izininsa kafin in shiga gonarsa ya tarar da ni a durƙushe gaban wani kargo. Ya ce, "Ɗana, me ya ɓace maka ne?" Na ce, "Baba, hawainiya nake jira ta juyo." Nan take ya ce bari ya sa jikansa ya sauko mini da ita da sanda, in ɗauka in huta. Na yi masa godiya na ƙi, domin hawainiyar da aka tsokana takan yi duhu, ta kumbura, ta wangale baki, kuma hoton da za a samu na tsoronta ne kawai. Na sha ganin irin waɗannan hotuna a Facebook ana ta yaba su, kuma raina yana ɓaci, domin duk wanda ya san dabbar ya san abin da aka yi mata kafin a danna. Sauya launinta ma ya fi alaƙa da halin da take ciki da zafi ko sanyin jikinta, fiye da ɓuya da muke dangantawa da shi.

Na zauna a wurin kusan awa 3, ƙafafuna suka yi tsami, cinnaku suka yi yadda suke so da ni, amma ban motsa ba. Da rana ta ɗan ɗaga sai ta daina kula da ni, ta fito saman reshen ta juya gefenta ga hasken domin ta ji ɗumi, launinta ya koma kore shar. Can sai wata ƙaramar fara ta sauka kusa da ita. Idanun nan biyu suka haɗu wuri ɗaya, jikinta ya ɗan karkata gaba, na riƙe numfashi na danna. Duk da na saita saurin ɗaukar kyamarar a kan 1/2000 na daƙiƙa, harshen nan, wanda ya fi jikinta tsawo, ya riga ni, sai komawarsa na samu da fara a bakinsa.

A cikin hotuna fiye da 200 da na ɗauka ran nan, biyu kacal na ajiye. Na wanko ɗaya na kai wa dattijon bayan mako guda. Ya daɗe yana kallonsa, ya kira jikan nasa ya nuna masa ƙananan ƙurajen fatarta da yadda yatsunta suka rabu gida biyu kamar awartaki, sannan ya ce tun yana yaro yake noma a fadamar nan amma bai taɓa ganin ƙwayar idonta ba. Ya kuma gargaɗi yaron da kada ya sake ɗaga wa ta jikin kargon nan sanda.