Abin da aikin talla ya koya mini game da hoton mace

Aikin talla ya koya mini cewa babu abin da ke shiga hoto bisa kuskure. Wa ke tsaye, wa ke kwance, ina haske ya sauka, wane sashen jiki aka yanke, duk sai an zauna an tattauna kafin a sa hannu a biya kuɗi. Shi ya sa idan aka kare tallan da ya wulaƙanta mace da cewa "ai wasa ne", maganar ba ta gamsar da ni.

A 2007 kamfanin kayan sawa na Dolce & Gabbana ya fitar da tallan da namiji ya danne mace a ƙasa, wasu maza na tsaye suna kallo. Sai da aka yi ca a Sifaniya da Italiya sannan aka janye shi. A 2013 kuma ma'aikatan kamfanin talla na JWT a Indiya suka zana motar Ford Figo da mata uku a but, an ɗaure su an toshe musu baki. Watanni kaɗan ke nan da fyaɗen da ya yi sanadin mutuwar wata ɗaliba a Delhi. Ford ya nemi afuwa, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙwararru sun kalli zanen nan suka ga abin dariya ne.

Ban yarda allon talla ne ke ɗaga hannun mai duka ba. Aikinsa ya fi haka sanyi. Mu da kanmu muke gaya wa masu kaya cewa maimaitawa ke sa saƙo ya zauna a zuciya, to ta yaya za mu ce ƙirjin mace ba kai, kullum a gefen turare ko mota, ba ya koyar da komai? Wanda ya saba ganin mace a matsayin kaya, "a'a" ɗinta ba ta yi masa nauyi. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i.

Tun watan Yunin 2019 hukumar sa ido kan talla ta Birtaniya ta haramta tallan da ke cusa ra'ayi mai cutarwa game da maza da mata, har ta dakatar da na motar Volkswagen da na wani cuku mai suna Philadelphia. Sai dai hukuma takan shigo ne bayan jama'a sun riga sun gani. A teburin aiki ake iya tare abin, kuma na lura idan mata suna cikin masu yanke shawara, irin wannan zane da wuya ya wuce zaman farko.