Wasiƙun Boma a Kan Teburina

Shagona yana Agege, aikina kuwa gyaran tsofaffin takardu da ɗaurin littafi. Wajen kawuna na koya. Shekara biyu ina dama masa kokon alkama na liƙa takarda kafin ya yarda na taɓa ko warƙa guda ta Alƙur'ani, in kokon ya yi gudaji kuma sai na sake.

Watan jiya wata Hajiya daga Obalende ta shigo da gwangwanin alewa, cikinsa wasiƙun kakanta ne. Sojan runduna ta 82 ne ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japan a Boma, suka shiga garin Myohaung a Janairun 1945. Sunan garin ma yana nan a barikin soja na Yaba, haka barikin Dodan a Ikoyi, shi ma sunan wani wuri ne a Boma, mutane na wucewa kullum ba su san daga ina ya zo ba.

Da ajami ya rubuta wasu, wasu kuma da boko, da alama wani ya yi masa. Kusan rabin kowace gaisuwa ce: inna, baffa, har liman. Sai tambayar ko kuɗi sun iso, ko an yi wa ɗaki yaɓe kafin damina. Yaƙi kuwa layi ɗaya, wai ruwa ba ya ɗaukewa. A biyu daga ciki an yanke inda sunan gari yake, aikin masu tace wasiƙun soja.

Abin da ya ƙona min rai, uku an riga an kai su wajen masu lamineshan na bakin titi. Injin zafi kan takardar da ta haura shekara saba'in! Tawada ta kama roba, babu mai raba su. Selotef ma haka yake cin takarda, ya bar ta ja kamar goro.

Sauran na kaɗe musu funfuna da buroshi mai laushi, don danshin Ikko ba ya raga wa takarda. Na toshe cin gara da siririyar takardar Japan, ka ji ikon Allah, na danne su kwana huɗu, sannan na juya ajamin zuwa boko saboda jikoki.

Da na faɗi kuɗi ta ce, "Haba Malam, na fotokwafi fa naira ɗari ne."

Na ce, "Hajiya, zauna tukuna in karanta miki ta farko."

Ban kai ƙarshen gaisuwar ba ta ja mayafi ta rufe fuska.