Ina yanka haƙarƙarin jiragen da suka girme ni

Idan na je gida aka tambaye ni sana'ata a Ingila, nakan ce kafinta ne ni, a wuce wurin. Don in na ce jiragen sama nake yi, sai a gyara zama. In na ƙara da cewa na rimot ne, waɗanda fiffikensu bai kai mita 2 ba, sai a yi dariya a ce ashe kayan wasan yara. To yara ba sa saye a wurina. Yawancin masu ciniki da ni furfura ta gama cin kansu, wasu ma sun yi jika da ni.

Wurin aikin gareji ne da ba zai ci mota biyu ba. Akwai na'urar yanka ta lesa, da dogon tebur da na shimfiɗa wa gilashi don kada ya gantsare, da ƙaramin sikeli, da tarin balsa, wato wani katako marar nauyi, a kan kanta. Ma'aikata kuwa ni ne, sai ɗan yayata da ke zuwa ranar Asabar in ba shi da karatu, sai uwargida da ke riƙe da lissafi da ɗaure kaya. Abin da muke sayarwa shi ake kira rabin kit: sassan jirgi masu wuyar yanka, wato haƙarƙarin fiffike, da ƙasusuwan gangar jiki, da bangon filawud da ake ɗaura inji a kai, haɗe da zanen jirgin a cikakken girmansa. Sauran katakon, dogaye da fallaye, mai saye ya nemi abinsa. Shi zai zauna wata biyu ko uku yana manna wannan da wancan da gam, yana gogewa da samfefa, har abin ya zama jirgi.

Kuma ba kowane jirgi ba. Tsofaffin jiragen gasar gwaninta kaɗai nake yankawa, na tsakanin 1960 zuwa farkon shekarun 1980. Gasar ita ce mutum ya tsaya a ƙasa da rimot a hannu, ya zana siffofi da jirginsa a sararin sama: da'ira, mirgina, alkafura, hawa tsaye da faɗowa, tafiya a rigingine. Alƙalai na zaune a bayansa suna ba da maki. Ba gudu ake nema ba, tsafta ake nema. Da'irar da ta fito kamar ƙwai an zubar da maki ke nan.

An yi gasar duniya ta farko a 1960 a Dübendorf ta ƙasar Suwizalan, wani Ba'amurke Ed Kazmirski ya cinye ta da jirginsa Orion. Bayan shekara biyu ya fito da Taurus, kamfanin Top Flite ya mai da shi kit, kuma har gobe shi ne abin da aka fi nema a shagona. Wanda bai san rediyon wancan zamani ba, wato rimot ɗin da ake sarrafa jirgi da shi, ba zai gane dalilin surar Taurus ba. Rimot ɗin yau, in ka tura sanda kaɗan, linzamin jirgi ya motsa kaɗan. Na lokacin Kazmirski makunnai ne: ka danna, linzami ya tafi har ƙarshe, ka saki ya dawo. Babu tsaka-tsaki. In kana son lanƙwasa mai laushi sai ka riƙa ɗan tattaɓa makunnin da sauri-sauri kamar mai kiɗan kalangu. Shi ya sa ya ba jirgin doguwar jela da fiffike mai kauri mai tsawon kusan inci 70, don kada ya zabura da kowace taɓawa, kada kuma ya kwasa da gudu in ya sunkuyo. Yanzu da aka sa masa rediyon zamani, sai ya zama jirgi mai natsuwa kamar tsohon doki.

Da rediyo ya gyaru sai jirage suka canja. Phil Kraft, wanda shi kansa mai ƙera rediyo ne, ya ci gasar duniya ta 1967 a tsibirin Kosika da Kwik-Fli III, jirgi mai jiki kamar akwati, ba kwalliya. Joe Bridi ya fitar da Kaos a 1970, ya biyo da Dirty Birdy a 1975. Sannan Curare, wanda Hanno Prettner na Ostiriya ya ci gasar 1977 da shi a Springfield ta jihar Ohayo. Wannan kam injin 10cc ne da dogon bututun hayaƙi da ke ƙara masa ƙarfi, ƙafafu suna naɗewa cikin jiki, ga ƙara kamar an taɓo gidan rina. Ƙananan fukafukan jelarsa a sunkuye suke ƙasa maimakon su miƙe. Sau biyu ana bugo mini waya a ce na yi kuskure a yanka, jela ta langaɓe. Nakan ce, ranka ya daɗe, haka mai shi ya zana ta, kuma da ita a langaɓen ya zama zakaran duniya.

Mutane suna ɗauka aikina shi ne in sa zane a na'ura in danna maɓalli. Ai yankan shi ne mafi sauƙi, minti arba'in an gama kit. Wahalar tana cikin zanen. Waɗannan zane-zane da hannu aka yi su, da fensir da tawada, aka buga a mujallu irin su Model Airplane News da RCM, aka naɗe, aka ajiye a ɗaki mai laima shekara hamsin, sannan wani ya ɗauki hotonsu. Takarda tana miƙewa, kuma ba ta miƙewa daidai a tsaye da kwance. Sai ka auna haƙarƙari a inda aka zana shi shi kaɗai, ka auna gurbinsa a jikin fiffike, ka ga sun saɓa da milimita 2 ko 3. Wanne ne gaskiya? Sau da yawa mai zanen ya daɗe a ƙasa, ba ka da wanda za ka tambaya. Magina na dā ba su damu ba, wuƙa ce a hannunsu, in abu ya yi tsawo su rage. Amma wanda ya biya kuɗin yankan lesa yana so kome ya shige gurbinsa ba gardama.

Don haka kowane jirgi sai na sake zana shi a kwamfuta daga farko, layi bayan layi. Wani ya ci mini mako uku. Sai in lissafa abin da wutar lesa ke cinyewa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, in ƙara shi, in ba haka ba kowane rami zai yi sako-sako. Sannan in gina guda da hannuna in tashe shi kafin in sayar wa kowa.

Wannan ƙa'idar ta ƙarshe da kuɗina na saye ta. A shekarata ta biyu na karɓi hoton wani zane daga hannun wani mai buga takardu, na yarda da shi ban auna ba, na yanka kit goma sha biyu na tura. Ashe na'urarsa ta ja hoton ta gefe guda. Fiffiken dama ya fi na hagu tsawo da kusan rabin inci. Wani dattijo da ya yi aikin injiniya ne ya gano, ya rubuto mini wasiƙa da hannu, da ma'aunai a jere, babu zagi ko ɗaya, wanda ya fi zagin ciwo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sake yanka sha biyun, na biya kuɗin aikawa, ribar wannan hunturun ta tafi. Uwargida ba ta ce kome ba, ta dai ja layi biyu a ƙarƙashin lissafin ta ajiye mini littafin a buɗe a kan tebur.

Sai katako. Balsa yawanci daga Ikwado take zuwa, kuma duk wanda ya yi motar kara yana yaro, in ya riƙe ta zai tuna totuwa: fara, ba nauyi, farce yana shiga. Sai dai ba a samun falle biyu masu nauyi ɗaya. Falle mai kaurin 1/16 na inci, faɗi 4, tsawo 36, in mai kyau ne zai yi wajen giram 14. Ɗan'uwansa daga cikin kwali guda zai iya kai 28. Ido ba ya bambance su. In ka yanka haƙarƙarin dama daga mai nauyi, na hagu daga marar nauyi, jirgin zai riƙa karkata a kowace da'ira, mai shi ya yi ta murɗa rimot yana zargin hannunsa. Saboda haka duk fallen da ya shigo garejin nan sai ya hau sikeli an rubuta nauyinsa a kusurwa da fensir. Aikin ɗan yayata ke nan, kuma ya tsane shi.

"Kawu, wai wa zai sani in ba mu auna ba?"

"Jirgin zai sani. Ɗauko na gaba."

Wajen 2020 balsa ta yi tsada ta kuma yi wuya, saboda masu ƙera manyan fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, musamman a Sin, sun yi ta kwashe ta. Na gwada wata mai araha daga wani dillali. Rabin kwalin bai yi amfani ba sai dai a yi akwaku da shi. Araha ba ta ado.

Akwai katako guda da ke sa ni murmushi ni kaɗai. Jiragen shekarun 1970 da yawa ba a yi musu fiffike da haƙarƙari, farin kumfa ne irin wanda ake sako talabijin a ciki, a yanke shi da zazzafar waya, a lulluɓe da siririn fallen katako. A Ingila fallen da aka saba amfani da shi obeche ne. Ranar da wani tsoho ya tsaya yana yi mini bayanin wannan katako mai daraja da ake kawowa daga nesa, na bar shi ya gama, sannan na ce masa a shagon babana da shi ake yin bayan kabad da silin. Daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru yake fitowa, mutanen Gana suna ce masa wawa. Ya yi shiru, sannan ya ce to ai ni ya kamata in yi masa bayani.

Gardamar da ba ta ƙarewa a wannan harka ita ce ta inji. Masu ra'ayin dā sun ce in ba injin mai ba ne, mai shan cakuɗen metanol da man zurma, yana feshe jikin jirgi da maiƙo, to ba Taurus ba ne, hotonsa ne. Wasu kuma filayen da suke tashi an matsa musu kan ƙara saboda maƙwabta, dole su koma batir. Ni ina yanka iri biyun, kuma a nan ne na ja wa kaina iyaka. Cikin jirgi ina iya taɓa shi: zan buɗe ƙofar batir, in rage nauyin jela, in gyara wurin zaman rediyo tunda na yanzu bai kai akwatin ashana biyu ba. Ragin nauyin jelar nan ba kwalliya ba ne. Tsofaffin injina da rediyo suna da nauyi, kuma a gaba suke, in ka cire su ba ka sauƙaƙa baya ba sai ka cika hancin jirgi da dalma. Amma surar waje, da kaurin fiffike, da tsawon jela, ba na taɓawa. An sha roƙona in ƙara wa Kaos girman linzamin jela don ya yi irin juyin jiragen yau. Nakan ce akwai jiragen yau a kasuwa, a je a saya. Haka kuma zanen da wani kamfani ke sayar da kit ɗinsa har yanzu, ko iyalan mai shi ke cin moriyarsa, ba na yankawa ko an ninka kuɗi.

Ciniki na bin yanayi. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi da duhu suka kora mutane ɗaki, na'ura ba ta hutawa. Da bazara kowa yana fili, sai dai mai neman haƙarƙari uku ko huɗu saboda ya dasa jirginsa a gonar wani. Sana'ar ba ta riƙe gida ita kaɗai ba, ina haɗawa da yankan allunan suna da kayan ado na biki. Kuma kowace shekara nakan samu saƙo biyu ko uku daga mata ko 'ya'ya cewa mai gidan ya rasu, ga ɗaki cike da kit da bai buɗe ba, ko zan saya.

Daga irin wannan ɗakin na samo abin da ke kan teburina yanzu: kwalin Taurus na asali na Top Flite, takardar ciki ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi. Ba zan gina shi ba. Na fito da haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ina ɗora su a kan waɗanda na zana shekara shida da suka wuce. Yawancinsu sun hau daidai. Na bakin fiffike guda biyu sun fi nawa kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba, kuma tun shekaranjiya nake juya su a hannu, na kasa yanke ko kamfanin ne ya kauce wa Kazmirski ko ni ne. Akwai oda huɗu da ke jira, na ce musu su ƙara mini mako guda.