Mun dasa dubbai a bakin Densu, ruwan Weija ya tafi da su

Ƙungiyarmu ta samarin Nima da Mamobi, unguwanni a Accra, da yasar kwata aka san ta. Ambaliya ce ta kai mu bakin kogin Densu. Duk wanda yake Accra ranar 3 ga Yuni, 2015 bai manta daren da ruwa da gobara suka haɗu a shataletalen Circle suka ci rai fiye da 150 ba. Tun daga nan muka gane ko mun kwana muna yasa ba za ta fisshe mu ba, tunda fadamun da ke shanye ruwan garin an cike su da ƙasa an ɗora gidaje. Sai muka ce mu je inda fadama ta rage mu taimaka mata. Muka zaɓi gefen Tsokomey, bayan Bortianor, inda Densu yake bazuwa kafin ya faɗa teku. Tun 1992 wurin yake cikin jerin dausayin Ramsar, wato dausayin da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar karewa, tare da Sakumo da Songor da Keta da Muni-Pomadze, amma mangurof ɗinsa, itacen nan mai tsiro cikin ruwan gishiri, an sare mafi yawansa ana bandar kifi.

Tara kuɗi da rainon dashe ba su ba mu wahala ba. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, Magajiya ta tattaro mata suka cika mana ledoji da taɓo, wani kamfani ya ɗauki kuɗin mota da kwale-kwale. Sharaɗinsa ɗaya ne: a yi dashen a watan Yuni, ranar da ƙasa baki ɗaya take dashen itatuwa a lokacin, wadda aka fara a 2021, domin hotonsu ya fita tare da na kowa. A kan tudu ranar ba ta da laifi, damina ta kankama, ka dasa mangwaro ya kama. Bakin kogi kuwa hukuncinsa daban, kuma har yau in na tuna yadda aka ƙi sauraron wannan magana sai raina ya ɓaci.

An faɗa mana fa. Wata dattijuwa cikin matan da ke tsintar kawa ta same mu muna auna wuri, ta tambayi ranar. Da aka fassara mata sai ta girgiza kai, ta nuna wani turke da ke tsaye cikin taɓo, ta ɗora hannu daidai ƙirjinta. Nan ruwa yake kaiwa in an buɗe madatsar ruwan Weija da ke kan kogin, in ji ta, kuma ba ya janyewa da yamma kamar na teku. Na kai maganar wajen wakilin kamfanin, na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ɗaga mana zuwa bayan damina." Ya ce, "Malam, ai itacen ruwa ne, ruwa zai kashe shi?" An riga an buga riguna, an gayyaci masu kyamara.

Ruwa kuwa yana kashe shi. Mangurof numfashi yake ta saiwa. Iri biyu ne: mai dogayen ƙafafun nan yana son ƙasa-ƙasa inda teku ke cikowa yana janyewa sau biyu a yini, ɗayan mai tsinin saiwoyi da ke leƙowa daga taɓo yana son ɗan sama, kuma ya fi jure gishiri. Dukansu sai ruwa ya sauka sun sha iska. Ɗan dashen da bai kai gwiwa ba, in ruwa ya rufe shi kwana da kwanaki, shaƙewa yake. Ba a daɗe da dashenmu ba aka yi ruwa mai ƙarfi, madatsar Weija ta cika, aka yi sanarwa aka buɗe ƙofofi. Dole ne a buɗe, in ba haka ba madatsar da rabin Accra ke sha daga gare ta za ta shiga haɗari. Da ruwan ya sauka muka koma. Sandunan da muka kafa suna nan a karkace, kowanne ya yafa baƙar leda da ledar fiya wata. Na tura hannu cikin taɓo na zaro guda: ganye ya zube, kara ya yi baƙi yana wari, da na matsa shi sai ya fashe a yatsuna. Wani yaro da ya ɗauki ledoji a ka tun daga bakin titi ya tsaya yana kallo, bai ce uffan ba. Kamfanin ya riga ya sa hotonsa a Facebook.

Matan nan sun fi mu sanin aikin nesa ba kusa ba. Tun 2017 suke rufe tsintar kawa wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu, don ta hayayyafa, kuma su da kansu suke dasa mangurof saboda kifi da ƙaguwa su sami maɓoya. Duk mai niyyar irin wannan aiki, kafin ya sayi leda ko ɗaya, ya je ya zauna da su. Ya kafa sanda ya ga inda ruwa ke kaiwa a rani da damina. Ya duba inda itacen ya tsiro da kansa, ya dasa irinsa a daidai wannan tsayin ƙasa. Filin taɓon da yake fayau kuma a bar shi haka, ba kango ba ne: nan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suke sauka su yi kiwo daga wajen Satumba har zuwa bazara. In ka cika shi da itace ka kore su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ruwan da ya kashe mana dashe daga nesa ya taso. Densu daga duwatsun Atewa yake fitowa, kusa da Kibi, tare da kogunan Birim da Ayensu, ya yi tafiyar kilomita fiye da 100 kafin ya iso mu. Dajin da ke kan dutsen da 'yan fadamunsa su ne soson da ke riƙe ruwan sama suna sakinsa a hankali. A can ne ake samun wani kwaɗo da babu shi ko'ina a duniya, wanda sai a 2021 masana suka ba shi suna. A can ne kuma ake son haƙar bauxite, ma'adinin da ake yin alminiyom da shi, masu galamsey, wato haƙar zinariya ba da izini ba, kuma suna cin gindin dutsen. Haka abin yake a manyan duwatsun Afirka: dausayin tsaunukan Bale na Habasha, da ke sama da mita 4,000, shi ke ciyar da kogin Shebelle da Genale har cikin Somaliya. In aka tone sama, ruwa zai riƙa zuwa gaba ɗaya da laka a damina, ya ƙafe a rani, ga shi ruwan saman kansa ya daina bin lokacinsa. Ina mamakin yadda mutumin Nima zai buɗe famfo kullum, amma a ce masa Atewa ya ce bai shafe shi ba.

Mun sake dashe bayan damina ta ɗauke, a wurin da dattijuwar ta nuna, kaɗan ba dubbai ba, da kuɗin aljihunmu da na asusun mata. Yawancinsu sun kama, wasu har sun fara sako ƙafafu. Bana wakilin kamfanin ya sake bugo waya yana son a yi a watan Yuni. Na ce, "Alhaji, ranar dashe yanzu matan Tsokomey ke sa ta. In sun sa, zan kira ka."